Tambayi Malama: Wuraren da 'Ya'yanmu Mata Ke Tsayawa a Karatu

Assalamu alaikum masu karatu. Yawancin wasiƙun da suka zo wannan karon a kan karatun 'ya'ya mata suke, ba mamaki don lokacin komawa makaranta ne. Na ɗauki biyar, na taƙaita masu tsawo, na cire sunaye kamar yadda muka saba. Waɗanda ba su ga tasu ba su yi haƙuri sai fitowa ta gaba.

TAMBAYA: Malama, barka da ƙoƙari. Ni ɗan adaidaita sahu ne, a Kurna nake zaune. 'Yata ta fari ta gama aji shida, an tura ta ƙaramar sakandare mai nisa, sai ta hau mota biyu. Na yi lissafi, kuɗin mota da kuɗin tara ba za su gaza N1,000 a rana ba, ga ƙannenta huɗu. Mahaifiyarta ta ce a bar ta ta zauna shekara guda tana kai mata awara bakin titi, a riƙa tara mata na kayan ɗaki, in an samu sarari baɗi ta koma. Yarinyar tana da ƙoƙari, ba ta wuce ta uku a aji. Raina bai kwanta ba. Me za ki ce? Daga wani uba a Kurna.

AMSA: Malam, Allah ya yi wa zuri'a albarka. Rashin kwanciyar ranka yana kan hanya, domin wannan "baɗi" da ake faɗa ba ta cika zuwa ba.

A makarantar 'yan mata da na koyar a cikin gari, farkon zango akan kawo mana jerin sunayen yaran da aka turo daga firamare, a manna a allon sanarwa kusa da ofishin shugaba. Makon farko malamar aji za ta riƙa kiran suna, wasu sunayen shiru, babu mai amsawa. Bayan 'yan makonni sai ta ja musu layi da jan biro. In ka tambayi 'yan unguwarsu, amsar guda ce: "Malama, an ce sai baɗi." Da wuya na ga mai jan layin nan ta dawo. Yarinya 'yar shekara 12, shekara guda a wurinta ba irin tamu ba ce. Jikinta zai canza, ƙawayenta za su wuce ta, ta fara jin kunyar zama aji ɗaya da ƙannen bayanta. Karatun da ta iya zai yi sanyi, musamman Turanci da lissafi. Kuɗin awarar kuma ba a asusu zai tsaya ba, sannu a hankali zai shiga cefane, har ya zama ranar da ba ta fita talla ba sai an ji a tukunya. Samarin bakin titi kuwa ka fi ni saninsu, kai da kake yini a kan hanya.

Karatun 'ya mace a garin nan na Kano kamar bokitin ƙarfe yake, a wajen haɗi yake fara yoyo. Daga aji shida zuwa ƙaramar sakandare, daga aji uku zuwa babbar sakandare, daga nan zuwa gaba. A cikin dogon hutun da ke tsakanin waɗannan ake yanke shawarar da ke tsayar da yarinya, galibi ba tare da kowa ya ce "na cire ta daga makaranta" ba. 'Yarka yanzu a haɗi na farko take.

Kada ka ga laifin mahaifiyarta, kuma kada ka je mata da faɗa. Ita ta san abin da take tsoro. Ta halarci jere, ta ga yadda dangin ango ke shiga ɗakin amarya suna ƙirga kujeru da kwanuka da ido, ta san gorin da ke biyo bayan ɗakin da bai cika ba. Tsoron nan gaskiya ne. Abin da za ka yi shi ne ka sauke mata shi daga kan yarinyar ka ɗora a kanka. Ku zauna ku yanke wani abu da za ka riƙa zuba mata a adashi duk mako da sunan kayan ɗakin yarinyar, komai ƙanƙantarsa, ta ga da gaske kake. Awarar kuma a soya a ƙofar gida da yamma, yarinyar ta taya in ta dawo daga Islamiyya.

Batun kuɗin mota, tun da aka cire tallafin mai a 2023 kowa na ji a jikinsa, amma kai da sauƙinka, abin hawa na hannunka. Nemi iyaye biyu ko uku a layinku da 'ya'yansu ke wannan hanya, ka riƙa kwasar yaran da safe kafin ka fara aiki, suna ba ka na mai duk mako. Ka ga ka kai taka kyauta, ba ka taɓa balas ɗin mai mashin ba. Ka kuma tambaya ko motocin 'yan mata na gwamnati suna bin hanyarku. Waɗanda aka fara a zamanin Kwankwaso ne, gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta gyara ta dawo da su. In duk wannan bai yiwu ba, ka ɗauki takardar turawar ka je wurin hedimastan firamarenta, ya nuna maka ofishin ilimi da za ka nemi a canza mata zuwa makaranta mafi kusa. Ana yi. Ka je da kanka, kuma tun makon farko, kafin azuzuwa su cika.

Idan ta shiga, ka tambayi shugabar makarantar ko suna cikin shirin AGILE. Shiri ne da Bankin Duniya ya amince da shi a 2020 da dala miliyan 500 don 'yan matan sakandare a jihohi bakwai, Kano na ciki, kuma yana da ɓangaren tallafin kuɗi ga iyaye masu ƙaramin ƙarfi. Sharaɗinsa yarinya ta kasance tana zuwa aji. Wadda ke bakin titi da bokitin awara ba a san da ita ba. Ta fuskar doka ma, tun 2004 dokar ilimin bai-ɗaya ta wajabta wa iyaye shekara tara, shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare, jihar Kano kuma ta ayyana ilimi kyauta kuma dole har sakandare a 2019. Na san "kyauta" ɗin ba ta ɗinka yunifom ba ta sayen takalmi. Amma hakkin yarinyar ne, kuma kai ne mai tsaya mata.

TAMBAYA: Anti, ina aji biyu na babbar sakandare, ajin kimiyya, shekarata 17. Burina in zama ungozoma. Akwai wanda ya fito, iyayena sun amince da shi, ni ma ba na ƙinsa. Yana so a sa rana bayan babbar Salla. Ya yi mini alkawari zai bar ni in ci gaba da karatu a gidansa. Ƙawayena sun ce duk haka suke faɗa. In yarda? Daga 'yarki a Gwammaja.

AMSA: 'Yata, na ji daɗi da kika rubuto kafin a sa rana, domin yanzu ne maganarki ke da nauyi.

Ba zan ce miki ƙarya yake yi ba. Da yawansu ranar da suke faɗa har zuci suke nufi. Abin da ke kashe alkawarin ba mugun nufi ba ne, zaman yau da gobe ne. An tare, watan farko amarci, ba a fita. Wata na uku laulayi ya fara, warin girki ma ba kya so balle ki zauna aji. Uwar miji ta ce amarya da ciki ina za ta? Shi kuma kuɗin haya da na awo sun taso masa, ga rajistar jarrabawa, sai ya ce bari ki haihu tukuna. In kin haihu, a ce bari ki yaye. Babu ranar da ya ce ya hana ki, amma ga shi kin zauna. Ɗalibaina da suka bi wannan hanya nakan haɗu da su a layin awo ko a gidan biki, su gaishe ni su sunkuyar da kai, tun ban tambaya ba su ce, "Malama, wallahi ya ce zan koma."

Akwai kuma waɗanda suka yi auren suka yi karatun, ba kaɗan ba. Ki leƙa makarantar horar da malamai ta Sa'adatu Rimi a Kumbotso ko tsohuwar BUK da safe, za ki ga mata da goyo, wata da ƙanwarta a gindin bishiya riƙe da jariri tana jira a fito daga lacca. Da na duba, bambancin waɗannan da waɗancan kusan kullum abu ɗaya ne: sun shiga gidan miji da takardar sakandare a hannu. Matar aure a jami'a ko kwaleji ba abin kallo ba ce. Matar aure da yunifom a ajin 'yan mata kuwa, kaɗan ne ke iya jurewa, kaɗan ne mazajen da ke yarda.

Saboda haka abin da zan ce ki roƙa ƙarami ne, ba sai an yi rigima ba. Ki roƙi a kai ranar bayan kin rubuta NECO. Ki lissafa: bana za ki yi kwalifayin, wadda in kin ci gwamnatin jiha ke biya miki kuɗin NECO, baɗi ki rubuta NECO ɗin ki gama. Shekara guda da 'yan watanni ne. Wanda bai iya jiran wannan ba, ta yaya zai jure shekara uku yana ganin kina fita asibiti koyon aiki, har da kwanan dare? Ki faɗa masa wannan ɗin ma tun yanzu, cewa karatun ungozoma da aikinta akwai kwana a ciki. Gara ya sani yau.

Kada ki tunkari Baba kai tsaye in kin san ba ku saba haka ba. Ki fara da Mama, ko gwaggonki da ake jin maganarta, ko malamar ajinku ta zo gida. Na sha zuwa irin wannan aike, kuma mafi yawan iyaye maza in an zo musu da ladabi, aka ce ba auren ake ƙi ba, lokaci ake nema, sukan saurara. Abin da uba ke tsoro shi ne mijin ya gudu ko yarinyar ta lalace. A yi baiko, kowa ya san an ba shi, hankalin kowa ya kwanta.

Sai maganar alkawarin. Alkawarin zance a soro tsakaninki da shi ba shi da mai tuna masa. Ki sa a faɗe shi a gaban waliyyinki da wakilinsa, a rubuta, kowane ɓangare ya riƙe kwafi. A faɗi abin dalla-dalla: wace makaranta, wa zai biya, yaushe za a fara. Wasu za su ce wannan rashin yarda ne. Ba haka ba ne. Hadisi ya zo a Bukhari da Muslim cewa sharuɗɗan da suka fi cancanta a cika su ne waɗanda aka ƙulla aure a kansu. Mutumin kirki ba ya jin haushin a rubuta abin da ya yi niyyar cikawa.

Ke kuma naki aikin, ki fito da kiredit biyar: Turanci, lissafi, bayoloji, kemistiri da fiziks. Da su ake neman makarantar ungozoma ta Dambatta ko makarantun jinya na cikin gari. In ɗaya ta faɗi, ga jarrabawar 'yan waje ta ƙarshen shekara, ki gyara tun kanki da zafi. Ki yi katin ɗan ƙasa tun yanzu, don ba a rajistar JAMB sai da lambarsa. Takardunki na asali kuma, ranar da za a kai ki, ki bar su a akwatin Mama, ki tafi da kwafi.

Abu na ƙarshe, kuma ke da kike son aikin ungozoma ya kamata ki san shi. Haihuwar fari ga wadda ƙugunta bai gama buɗewa ba, in naƙuda ta yi tsawo babu asibiti kusa, ita ke kawo yoyon fitsari. Akwai sashe guda a asibitin Murtala da aka ware don masu wannan lalura. Jinkirin shekara ɗaya ko biyu alheri ne ga jikinki ma, ba ga takarda kaɗai ba.

TAMBAYA: Hajiya, ni fa ban gane wannan surutu na ilimin 'ya'ya mata ba. Duk safiya in na fito, 'yan mata ne fal titi da fararen hijabai, maza kuwa suna gareji ko majalisa ko shaye-shaye. A ganina yanzu maza ne ke buƙatar taimako. Ko ba haka ba? Daga wani matashi a Fagge.

AMSA: Ɗana, idonka bai yi maka ƙarya ba, kuma damuwarka a kan samari ni ma tawa ce. Wanda ya ga yaran da ke bara a danja ko waɗanda daba ta ɗauke, ba zai ce maza sun tsira ba. Ranar da ka rubuto a kansu zan ba su fili guda.

Amma ka lura da inda kake tsaye da kuma shekarun waɗanda kake gani. Kana Fagge, tsakiyar birni. Jihar Kano ƙananan hukumomi 44 gare ta, takwas kawai ake lissafawa a cikin birni da kewaye. Ka je ƙauyen da firamare ce kaɗai a garin, sakandare sai an yi tafiyar kilomitoci a ƙasa ta cikin gonaki, ka ƙirga 'yan matan da ke tafiyar. Alƙaluman da UNICEF ta daɗe tana bayarwa sun nuna a Arewa maso Yamma kashi 47.3 cikin 100 ne na 'yan matan da suka isa firamare ke zuwa. Ƙasa da rabi ke nan. Kuma da yawa daga 'yan matan ƙauyen nan suna cikin birnin tare da mu, sai dai ba za ka gan su a titi da safe ba, suna cikin gidaje suna wanke-wanke. 'Yan aikatau ne. Su ke goge takalmin 'ya'yan gida su raka su bakin mota. Wannan laifinmu ne mu matan birni, har da masu digiri a cikinmu, kuma ban ga hujjar da za mu kare kanmu da ita ba. Wadda ta ɗauko 'yar mutane, mafi ƙaranci ta sa ta a makarantar yamma.

A cikin birnin ma, ka bi su aji-aji. A firamare sun cika benci, wani ajin har sun fi maza yawa. A ƙaramar sakandare da saura. Daga aji uku zuwa babbar sakandare ake fara raguwa sosai, don a nan ne shekarun aure ke riskar su. Waɗanda suka kai ƙarshe, da yawa sakamakonsu na nan a ofishin makaranta ba a zo karɓa ba. Na ga irin waɗannan takardu a cikin durowa, an ɗaure su da roba shekara-shekara, wasu da kiredit bakwai, takwas. Namiji in ya bar makaranta ya tafi Kantin Kwari ko Kasuwar Singa, yana iya dawowa da ƙafarsa in ya ga dama. Mace in ta bari, komawarta sai da izinin wani, da kuɗin wani, da wanda zai riƙe mata yara.

Ba na musun an ci gaba. Sai a 1930 aka buɗe makarantar 'yan mata ta farko a Kano, a zamanin Sarki Abdullahi Bayero, shekara ashirin da wani abu bayan Baturen nan Ɗan Hausa ya buɗe ta maza a Nassarawa a 1909, kuma da 'yan tsirarun yara aka fara. Daga nan aka zo WTC, wato makarantar horar da malamai mata, da makarantun 'yan mata na Dala da Shekara, da makarantun kimiyya na mata irin ta Garko. A 2023 Mai Shari'a Dije Abdu Aboki ta zama mace ta farko da aka tabbatar a muƙamin Babbar Jojin jihar Kano. Duk wannan abin godiya ne. Amma ka gwada kai matarka ko ƙanwarka asibitin gwamnati da tsakar dare ka ce lallai sai likita mace, ka ga tsawon jiran da za ka yi. Mu ne muka fi kowa cewa ba ma son namiji ya duba mana iyali, to likitar daga gidan wa za ta fito? Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da kansa, a Nurul Albab, ya yi kakkausar magana a kan malaman da ke karantar da ɗalibai a waje su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Ba baƙuwar magana ba ce da aka kawo mana daga Turai.

TAMBAYA: Malama, 'yata tana aji biyu a ƙaramar sakandare. Duk wata sai ta yi kwana uku ko huɗu ba ta je makaranta ba, ta ce ciwon kai. Mahaifinta ya ce lalaci ne. Daga wata uwa a Sheka.

AMSA: 'Yar'uwa, ki duba kwanakin da kyau, ina kyautata zaton za ki ga sun yi daidai da al'adarta. Ki ja ta ɗaki ku biyu ki tambaye ta a hankali. Yawancin makarantun 'yan matanmu yunifom ɗinsu mai haske ne, ban ɗaki kaɗan ga ɗaruruwan yara, wani babu ƙofa, wani babu ruwa. Yarinyar da ta taɓa tashi daga benci aka yi mata dariya ba za ta sake yarda ba. Na sha ba yarinya mayafina ta ɗaura a ƙugu ta tafi gida tana kuka. Kwana huɗu a wata, in kin tara a shekara, ya haura wata guda na karatu, kuma darasin lissafi ba ya jiran kowa.

Ki sa audugar mata a lissafin cefanen wata kamar sabulu, ki faɗa wa mahaifinta a fili ko menene, kunya ba ta da wuri a nan. In kuɗin ya yi yawa, akwai wadda ake wankewa a sake amfani da ita, teloli mata na ɗinkawa. A shanya ta a rana ta bushe sarai. Ki saka mata ɗaya a jaka da leda da ɗan zane. In ciwon mara ne mai tsanani har yana kwantar da ita, a kai ta asibiti, kada a riƙa saya mata magani a kemis barkatai. Sannan ki je taron iyaye da malamai ki ta da maganar ban ɗaki da ruwa. Za ki yi mamakin yawan matan da za su ce ai su ma haka.

TAMBAYA: Gwaggo, shekarata 31, mijina ya rasu ya bar ni da yara uku, na fita takaba watanni biyar da suka wuce. A aji biyu na ƙaramar sakandare aka cire ni aka yi mini aure. Ina ɗinki a gida. Ina son komawa makaranta amma ina jin kunya, kuma ban san ta inda zan fara ba. Lokaci bai wuce mini ba? Daga ƙanwarki a Gwale.

AMSA: Allah ya jiƙansa, ya raya abin da ya bari. Ƙanwata, bai wuce ba. Na koyar da matan da suka girme ki, kuma sun fi 'yan mata riƙe karatu, don sun san abin da ya kawo su.

Ba ajin yara za ki koma ba. Jihar nan tana da Hukumar Ilimin Manya, wadda gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa a 1980, ita ce irinta ta farko a ƙasar nan, har UNESCO ta karrama ta. Tana da cibiyoyin mata a cikin gari inda matan aure da zawarawa ke karatu tun daga yaƙi da jahilci har matakin sakandare, ana haɗawa da sana'a. Ki je ofishin ilimi na ƙaramar hukumar Gwale ki ce a nuna miki cibiya mafi kusa da ke. Za su gwada ki su ga ajin da ya dace. Kada ki ji ciwo in an mayar da ke baya kaɗan, shekarun da kika yi ba ki buɗe littafi ba suna da yawa, amma za ki ga yana dawowa da sauri. Kunyar kuwa ranar farko ce kawai. Za ki tarar da mai jika a benci ɗaya da ke. Matan ƙasar nan sun saba da wannan tun zamanin Nana Asma'u, wadda ta riƙa naɗa jajis, wato malamai mata, tana ba su malfa, suna jagorantar ɗalibanta mata da ake kira 'Yan Taru daga ƙauyuka zuwa wurinta ɗaukar karatu su koma su koyar da na gida.

Ki sa wa ranki shekara uku zuwa huɗu kafin ki zauna NECO ko WAEC. Tunda kin yi nisa a Islamiyya kamar yawancinmu, ki tambaya game da NBAIS ma, jarrabawar ɓangaren Larabci da addini ce, ana shiga manyan makarantu da ita, irin su Legal, wato kwalejin shari'a ta Aminu Kano. In kin samu kiredit biyar, hanya ta rabu. Mai son koyarwa ga NCE, wadda ita ce mafi ƙarancin shaidar malanta a Najeriya, kuma cibiyar horar da malamai ta ƙasa, NTI, na yin ta a ƙarshen mako, ba za ta hana ki ɗinki ba. Mai son asibiti ga makarantar kimiyyar lafiya da ta tsafta. Ga kuma buɗaɗɗiyar jami'a, NOUN, tana da cibiya a Kano. Tun 2024 akwai bashin karatu na NELFUND marar ruwa ga ɗaliban manyan makarantun gwamnati, in lokacin ya zo ki bincika.

Kada ki saki keken ɗinkin, shi zai biya kuɗin mota da na rajista. Ki rage karɓar aiki a watannin jarrabawa, ki ƙara a azumi da gabanin Salla, ki ware na makaranta daban. Ki samu wata a dangi ko maƙwabta da za ta riƙe miki ƙaramin a lokutan aji, ku yi yarjejeniya a fili, ko da ɗinkin yaranta za ki riƙa yi mata a madadi, don taimakon da babu ƙa'ida ba ya daɗewa.

Manema za su zo, tunda da sauran ƙuruciyarki. Ki riga ki shiga makarantar kafin su fito, wanda ya zo ya same ki a ɗaliba, ya san da haka ya gan ki. Ba ki faɗa mini ko cikin yaran uku akwai mace ba. In akwai, ki rubuto mini ajin da take, mu duba nata tun da wuri.